Bayan Ƙwari Sun Cinye Daji, Ina Takin Yake Tafiya?

A tsakiyar shekarun 2000, duk jirgin da ya ratsa ta saman tsakiyar lardin Biritish Kolombiya da ke yammacin Kanada, abin da mutanen cikinsa ke hange a ƙasa shi ne daji ja wur, tudu da kwari, har iyakar ganin ido. Bishiyoyin fayin ne, masu siririn ganye mai tsini, waɗanda ba a san su da sauya launi ba ko a tsakiyar sanyi. Babu gobarar da ta bi ta kansu, babu mai zarton da ya taɓa su. Wani baƙin ƙwaro ne ya yi aika-aikar, kuma tsawonsa bai fi na ƙwayar shinkafa ba.

Kafin annobar ta lafa ta shafi fiye da hekta miliyan 18, kusan ninki tara ke nan na faɗin Jihar Kano, ta kuma kashe sama da rabin itacen fayin da ya isa yanka a lardin. Garuruwan da cinsu da shansu ke kan katako sun ji jiki. Da fari an yi ta rige-rigen sare matattun itatuwan kafin su lalace, har ma rufin katafaren filin tseren ƙanƙara na Richmond, wanda aka gina don gasar Olamfik ta 2010, da irin wannan katakon aka yi shi. Da itacen ya ja baya, sai masana'antun yankan katako suka shiga rufe ƙofa.

Jaridu a nan suka fi tsayawa, domin nan ne ake ganin asarar kuɗi. Amma bishiya rumbu ce ta sinadarai. Abin da ta shekara tamanin ko ɗari tana tsotsa daga ƙasa da iska yana nan a jikinta, kuma ranar da ta mutu dole ya nufi wani wuri: ko ƙasa ta riƙe shi, ko ruwa ya tafi da shi rafi, ko ya koma sama. Masana sun kwashe shekaru suna bin sawun wannan tafiya, kuma abin da suka gano ya ba su mamaki ba sau ɗaya ba.

Yadda ƙwaro ke kayar da bishiya

Macen ƙwaron ce ke fara huda ɓawo, wajen watan Yuli ko Agusta. Bishiya mai lafiya ba ta tsayawa kallo: tana kwararo ƙaro mai danƙo ta ramin, ya dulmiyar da ƙwaron ya turo shi waje. Shi ya sa ake ganin jikin itacen da aka kai wa hari cike da ƙulle-ƙullen farin ƙaro gauraye da garin katako. Sai dai macen tana sakin wani sinadari mai ƙamshi da ke kiran 'yan'uwanta, cikin 'yan kwanaki ɗaruruwa su taru a kan itace ɗaya har ƙaron ya ƙafe. Daga nan su haƙa hanyoyi a ƙarƙashin ɓawo su zuba ƙwai. Tsutsotsin da suka ƙyanƙyashe su cinye lallausan fatar da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa. Ƙwaron kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Yana ɗauke da wani naman gwari da ke bazuwa cikin itacen, ya toshe hanyoyin ruwa, ya rina katakon shuɗi-shuɗi.

Abin ban tausayin shi ne bishiyar kan ci gaba da zama kore shar na watanni bayan ta riga ta mutu. Sai shekara ta zagayo take yin ja, bayan 'yan shekaru ganyen ya zube ta tsaya toka-toka.

Ƙwaron ba baƙo ba ne a dajin, ɗan gida ne tun fil azal, kuma aikinsa na asali shi ne kawar da tsofaffi da raunanan itatuwa. Abu biyu suka kwance masa mari. Na farko, sanyin da kan kai digiri 40 ƙasa da sifiri, wanda ke kashe tsutsotsin a ƙarƙashin ɓawo, ya daina zuwa yadda aka saba. Na biyu, an shafe gomman shekaru ana kashe duk gobarar dajin da ta tashi, alhali gobarar ce ke sabunta wannan nau'in daji. Sai ya zamana tsofaffin itatuwan fayin da ƙwaron ya fi so sun kusan ninka sau uku a cikin ƙarni na 20, sa'annin juna, kafaɗa da kafaɗa. Ƙwaro ya samu ya ci karensa babu babbaka. A 2006 iska ta kwashi tarinsa ta tsallakar da shi tsaunukan Roki zuwa lardin Albata, inda ba a san shi da yawa haka ba.

A 2008 Werner Kurz na hukumar gandun daji ta Kanada da abokan aikinsa suka wallafa lissafi a mujallar Nature, cewa tsakanin 2000 da 2020 annobar za ta jawo asarar kabon tan miliyan 270, ta mayar da dajin daga mai shanye iskar da ke ɗumama duniya zuwa mai fitar da ita. Ma'aunan da aka kafa daga baya a wasu sassan dajin sun ɗan sassauta hoton, domin ƙananan bishiyoyi da ciyayin da suka tsira sun yi saurin miƙewa da zarar rana ta samu hanyar sauka. Duk da haka darasin ya zauna: ɗumamar yanayi na kiwon ƙwaro, ƙwaro kuma na ƙara wa ɗumamar itace.

Ganye ɗanye da busasshen ganye ba ɗaya ba ne

Don gane abin da ke faruwa a ƙasa, sai an fara da yadda daji ke ciyar da kansa. Manomin Maraɗi ko Daura ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, ya san geron da ke gindin gawo ya fi na fili kyau, saboda ganyen da gawon ke zubarwa da kashin dabbobin da ke hutawa a inuwarsa. Sinadarin da ya fi muhimmanci a nan shi ne naitirojin, wanda shi ne manomi ke biyan kuɗinsa idan ya sayi buhun uriya. Daji ba ya sayen uriya. Abin da yake da shi ne yake ta juyawa: saiwa ta tsotsa, ganye ya yi aiki da shi, ganye ya faɗi, ƙananan halittun ƙasa su ruɓar da shi, saiwa ta sake tsotsa.

Bishiya kuma ba ta da almubazzaranci. Kafin ta saki ganye a lokacin kaka, tana janye kusan rabin naitirojin ɗin da ke cikinsa, ko ma fiye, ta adana a reshe da saiwa don shekara mai zuwa. Busasshen ganyen da ke faɗowa saura ne kawai, kuma a hankali yake ruɓewa.

Tsutsa mai cin ganye ita ke wargaza wannan tsari, kuma Amurka ta san haka da kyau. A ƙarshen shekarun 1860 wani Bafaranshe mai zane-zane, Etiyen Liyofol Turubelo, ya shigo da ƙwan wani malam-buɗe-littafin dare daga Turai zuwa garin Medford a jihar Masacuset, da niyyar gwada samar da siliki. Wasu suka kuɓuce masa. Bayan shekara ashirin, a 1889, tsutsotsin suka mamaye garin. A 1981 kaɗai sun kaɗe ganyen daji mai faɗin fiye da hekta miliyan 5 a arewa maso gabashin ƙasar. Mazauna yankin kan ba da labarin cewa idan annobar ta kai ƙololuwa, cikin dare mutum zai ji kamar yayyafi ake yi alhali sama tas take. Kashin tsutsa ne ke zuba daga rassa, tare da guntayen ɗanyen ganye.

Wannan yayyafin yana sauka ne a farkon bazara, watanni kafin lokacin zubar ganye, kuma bishiyar ba ta samu damar janye komai ba. Wato mafi yawan naitirojin ɗin ganyen ya sauko ƙasa a lokaci ɗaya, cikin siffar da ke narkewa da sauri. Ita kuwa bishiyar sai ta buɗe ajiyarta ta fitar da sabon ganye a cikin wannan shekarar. Sau ɗaya tana iya jurewa. Idan aka maimaita shekara biyu ko uku a jere, musamman idan fari ya haɗu da shi, da yawa ba sa tashi.

Hankali zai ba mutum cewa irin wannan taki ruwan sama zai wanke shi gaba ɗaya. Gary Lovett da abokan aikinsa a cibiyar nazarin muhalli da ke Millbrook a jihar Niyok sun bi diddigin abin ta wata dabara: suka ciyar da tsutsotsi ganyen da aka yi wa naitirojin ɗinsa alama, suka zuba kashin a ƙasan daji, suka bi inda alamar ta tafi. Abin da suka tarar shi ne ƙananan halittun ƙasa ne suka yi wuf suka kame mafi yawansa. Ɗan kaɗan ne ya zurare da ruwa, ɗan kaɗan ne kuma ya koma jikin tsiro cikin gaggawa. Dajin bai yi asarar takin ba, amma an ɗauke shi daga hannun bishiya an kulle shi a cikin ƙasa, inda zai ɗauki shekaru kafin ya fito.

Ba ko'ina ƙasa ke iya wannan riƙon ba. A gandun dajin Shenandowa da ke jihar Bajiniya, bayan tsutsar ta ratsa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, naitiret, wato nau'in naitirojin mai saurin bin ruwa, ya hau sosai a ƙoramu, ya kuma daɗe bai sauka ba. A Kanada ma, masu bincike na Jami'ar Kambirij sun duba bayanan shekara 32 daga yankunan tafkuna 12 a lardin Ontariyo, suka wallafa sakamakon a 2021. A shekarun annoba ganyen daji ya ragu da kashi 22 cikin ɗari a matsakaici, narkakken naitirojin a tafkunan ya ƙaru da kashi 112, narkakken kabon kuma ya ragu da kashi 27. Dalili a bayyane yake: ganyen da ya kamata ya faɗo ya jiƙa ya kai kabon cikin ruwa an cinye shi tun yana sama, abin da ya iso tafki kashin tsutsa ne. Tsutsar da ba ta taɓa shiga ruwa ba ta sauya abincin duk abin da ke rayuwa a tafkin.

Rafin da ya ƙi ɓaci

Shi ƙwaron ɓawo tasa hanyar daban ce. Ba ya zubo taki daga sama, kashe bakin da ke shan takin yake yi. Da bishiya ta mutu, saiwarta ta daina tsotsar ruwa da sinadarai, ƙasa ta ƙara laima, rana ta fara dukanta. Wani naman gwari na daban da ke zaune a jikin saiwa yana taimaka wa bishiya neman abinci, ita kuma tana ba shi sukari, shi ma sai ya shiga yunwa. Binciken da aka yi a Albata ya nuna nau'o'insa sun ragu ƙwarai a wuraren da ƙwaron ya fi yin ɓarna, abin da ke iya wahalar da 'ya'yan itacen da za su tsiro daga baya.

Masana sun shiga wannan fage da wani tsohon gwaji a zukatansu. A lokacin sanyin 1965 zuwa 1966, a dajin gwaji na Hubbard Brook da ke jihar Niyu Hamsha, an sare kowace bishiya a wani kwari, aka bar su a kwance, aka kuma shekara uku ana fesa maganin kashe ciyawa don kada komai ya tsiro. Naitiret a rafin kwarin ya ninka fiye da sau 40. Saboda haka da ƙwaron fayin ya kashe mafi yawan manyan itatuwa a wasu kwaruruka na jihar Kolorado, kowa ya zuba ido yana jiran ruwan sha ya gurɓata.

Bai gurɓata ba. Rahoton da Charles Rhoades da wasu suka fitar a 2013 ya nuna ƙarin naitiret a ƙoramun bai taka kara ya karya ba. Ƙwaro, saɓanin zarto da maganin feshi, ba ya kashe komai rana ɗaya. Yana ɗaukar shekaru kafin ya gama da kwari guda, yana zaɓen manya ya bar ƙanana, ba ya kuma taɓa ƙasa ko ciyawa. Duk abin da matacciyar bishiya ta saki, akwai wata saiwa mai rai a kusa da za ta cafke.

A Jamus labarin ya ɗan bambanta. Gandun dajin Bavariya, wanda aka kafa a 1970 a matsayin irinsa na farko a ƙasar, ya gamu da guguwa a 1983 da ta kayar da itatuwan sifurus masu yawa. Hukumar gandun, ƙarƙashin Hans Bibelriether, ta yanke shawarar barin su a inda suka faɗi. A shekarun 1990 wani ƙwaron ɓawo na Turai ya kashe dubban hekta a kan tsaunukan, mutanen ƙauyukan kewaye suka fusata, suka yi ta zanga-zanga suna cewa an bar dajin iyayensu ya mutu a banza. A nan naitiret ya hau a ƙoramu na wasu shekaru, domin ƙasar Turai ta riga ta ƙoshi da naitirojin daga hayaƙin masana'antu da takin gonaki, ba ta da sauran wurin ajiya. Duk da haka bai ƙetare iyakar da aka gindaya wa ruwan sha ba, kuma ya sauka da sabon daji ya taso. Yau a tsakanin ruɓaɓɓun kututturan akwai matasan bishiyoyi iri-iri da babu wanda ya dasa su, da ƙwari da naman gwarin da ba sa rayuwa sai a jikin mataccen itace. Hukumar ta fi masu zanga-zangar gaskiya, ko da yake an ɗauki shekaru kafin idanu su gani.

Kada wannan ya sa a ɗauka kowane daji na warkewa da kansa. A arewacin Finlan, a yankin Utsjoki, tsutsa ta kashe wata bishiya mai farin ɓawo a fili mai faɗin gaske a tsakiyar shekarun 1960, kuma har yau akwai wuraren da ba su koma daji ba, saboda barewar ƙanƙarar da ake kiwo a can tana cinye duk tohon da ya leƙo. Tsutsa ta kayar, kiwo ya hana tashi.

Abin da ya faɗa wa Jamus daga 2018 ya fi na Bavariya muni nesa ba kusa ba. Fari da zafi na shekaru a jere suka raunana sifurus ɗin da aka daddasa a jere domin katako, a wuraren da ba mazauninsa na asali ba. Itacen da ke jin ƙishirwa ba ya iya yin ƙaron kare kansa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwaron, da zafi ya ba shi damar hayayyafa har sau uku a shekara, ya shiga. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta ƙiyasta daga hotunan tauraron ɗan'adam cewa daga Janairun 2018 zuwa Afirilun 2021 an rasa bishiyoyi a kan hekta kusan 501,000, wajen kashi 5 cikin ɗari na dazukan ƙasar. A wurare da dama an shigo da manyan injina an share filin ƙaf, an kwashe itacen da takin da ke jikinsa, an daddanne ƙasa, an bar ta tsirara. Wani lokacin maganin ya fi cutar cin ƙasa.

A yankinmu na Sahel ba a rasa irin wannan ba, sai dai an fi ƙarancin masu aunawa. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai ɓawo, wanda ke mannewa a ganye da reshe yana tsotsar ruwan jiki, ya afka wa darbejiya a kewayen Tafkin Chadi, a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, ganye ya yi ta ƙonewa yana zuba. Abin ya tayar da hankali ne saboda darbejiya, wadda aka kawo daga yankin Indiya, ita ce aka dogara da ita kusan ita kaɗai a titunan garuruwa da shingayen tare iska, tun daga Borno har kwarin Majiya a Nijar. A Kordofan ta Sudan kuma akwai farar da ke sauka kan dakwara da dare ta cinye ganyenta, abin da ke rage ƙaron da manoma ke samu a shekarar.

Akwai kuma misalin da ya saɓa wa waɗannan. A kudu maso yammacin Burkina Faso, da damina, wata tsutsa kan cinye ganyen kaɗanya ƙaf. Mata na fita tun da asuba su tsinto ta, a dafa a shanya, a sayar a kasuwannin Bobo Julaso. Wani bincike na shekara biyu da aka wallafa a 2020 bai ga alamar cewa wannan cin ganyen ya rage 'ya'yan kaɗanya ba, har ma ya nuna mai yiwuwa masarar da ke ƙarƙashin bishiyoyin ta amfana. Tsutsar da bishiyar sun daɗe da sanin juna, kuma kashin yana sauka ne a gona daidai lokacin da shuka ke neman abinci.

Inda tamu matsalar ta fi tsanani shi ne abin da ke biyo bayan mutuwar bishiya. A Kolorado matacciyar fayin na iya tsayawa shekaru, ta faɗi, ta ruɓe a wurin. A nan ba ta kwana biyu mai gatari bai same ta ba, ganyen da ya zube ko a share a ƙone ko iskar hunturu ta kwashe, tohon da ya fito kuma awaki na jiransa. Ba laifin talaka mai neman itacen girki ba ne, amma sakamakon ɗaya ne: takin da bishiyar ta tara yana barin wurin gaba ɗaya, ƙasar kuma rairayi ce da ba ta da ƙarfin riƙo.

Bayan da Tarayyar Afirka ta amince a 2007 da shirin katangar bishiyoyi daga Senegal zuwa Jibuti, an yi ta rabon dashe a jihohin arewacin Najeriya da damina. Masu kula da wuraren renon dashen da masu sa hannu a takardun kuɗin ya kamata su duba abin da ya samu fayin a Kanada da sifurus a Jamus kafin su sake cika fili da iri ɗaya, sa'a ɗaya. A gauraya darbejiya da gawo da aduwa da kurna da dakwara da marke, a bar kututturan da ke toho a gonaki su girma yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi har suka farfaɗo da miliyoyin hekta, a kuma tsare sabon dashe daga dabbobi a shekarunsa na farko.